Motar golf a gona: mai batir ko mai fetur?

Kawuna ya dawo daga Umra da wata magana a ransa. A harabar Masallacin Annabi a Madina ya ga 'yan motocin nan marasa ƙofa da ake ɗaukar tsofaffi da masu ciwon ƙafa, suna silalewa shiru kamar babu inji a jikinsu. Shi kuwa shekara uku ke nan gwiwa ta hana shi zaga garkarsa da ke wajen Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, inda yake da mangwaro da gwaiba da fadamar albasa da 'yan shanun kiwo. Babur ya gagare shi, mota kuma ba ta shiga tsakanin layukan itatuwa. Ranar da na je yi masa barka da dawowa ya ce mini, "Ɗana, kai ne ka san kan wayoyi. Bincika mini abin nan. An ce akwai mai shan mai, akwai mai caji. Wacce za ta yi mana?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara lafiya, a ba ni 'yan makonni."

Sana'ata haɗa sola ce ga masu rijiyar burtsatse a Garwa da ƙauyukanta, don haka zuciyata ta fi karkata ga mai batir tun kafin in fara. Amma dattijo ne zai zuba kuɗinsa, kuma ba ni da halin in ba shi shawarar son rai. Abin da na tarar shi ne amsar ba a jikin motar take ba. Tana wajen da za ka sami caji, da wanda zai gyara maka idan ta tsaya, da nisan da za ka yi da gida.

Asalin wannan mota an ƙera ta ne don filin wasan golf: ciyawa a shimfiɗe, hanya a share, mutum biyu da jakar sanduna. Manyan masu ƙera ta uku ne, E-Z-GO da Club Car da Yamaha, kuma dukkansu suna da masana'anta a jihar Jojiya ta Amurka. Yanzu ga na China sun cika kasuwa, galibinsu masu batir. Gudunta bai wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa ba, tsakanin cikinta da ƙasa santimita 10 zuwa 12 ne kawai, birkinta kuma a mafi yawansu na tayoyin baya ne kaɗai. Wannan ya shafi mai batir da mai fetur baki ɗaya. Duk wanda ke tunanin hawa da ita babban titin Garwa zuwa Marwa, cikin tireloli masu zuwa Kusiri da Njamena, ya cire wannan a ransa. Motar cikin shinge ce, sai kuma hanyar gona.

Bari in fara da mai fetur, don ita ce ta fi kama da abin da muka sani. Injinta silinda ɗaya ne, mai girman cc 350 zuwa 430, ƙarfinsa doki 11 zuwa 14, ɗan'uwan injin janareto ne da na ban-ruwa. Ba ta da giya irin ta mota, bel ne ke ɗaukar ƙarfi daga inji zuwa tayoyi. Ka taka totur injin ya tashi da kansa, ka ɗaga ƙafa ya mutu, don haka ba ta ƙona mai a tsaye. Tankinta na cin lita 20 da ɗoriya, kuma lita ɗaya kan kai ta wajen kilomita 12, wani lokaci fiye idan hanya ta yi kyau. Ka cika tanki sau ɗaya, kana da tafiyar sama da kilomita 200. Idan man ya ƙare a daji, yaro ya hau babur ya kawo kwalba biyu, an wuce wurin.

Babban abin da ke jan hankalina gare ta shi ne makanike. Babu garin da za ka shiga daga Ngong zuwa Gidar ka rasa wanda ya iya kwance kafireto, ya wanke filogi, ya juye baƙin mai. Injin ba zai ba shi tsoro ba. Amma a lura, iya gyara daban, samun kayan gyara daban. Filogi da baƙin mai suna ko'ina. Bel ɗinta, da kulocin da bel ɗin ke hawa, da na'urar da ke tayar da injin tana kuma cajin ƙaramin batir, waɗannan ba ka samunsu a kasuwar Garwa yadda kake samun na babur. Sai an aiko daga Duwala ko daga waje. Wanda zai sayi mai fetur ya sa a sako masa bel biyu na ajiya da matatar iska uku ko huɗu tun a kayan farko, don kuɗin aiko su daga baya zai fi kuɗinsu.

Matatar iska na ambata, kuma ita ce rayuwar injin a ƙasarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko, ƙura ce ake shaƙa, mutum da inji. Injin motar golf yana ƙarƙashin kujera, kusa da ƙasa, daidai inda tayoyi ke tayar da ƙura. Idan aka bar matata ta toshe ko ta yage, ƙurar nan ta shiga ta ci fistin da zobensa kamar takardar goge katako, cikin rani ɗaya sai ka ga hayaƙi, sai garambawul. A nan ba a bin lissafin littafin da aka rubuta don filin ciyawa. A buɗe matata duk mako a lokacin hunturu, a juye baƙin mai aƙalla sau biyu a shekara. Lita ɗaya ce da 'yan kai, ba abin da za a yi wa rowa ba ne.

Sai man da kansa. Shekaru da yawa arewacin Kamaru a kan zuwa-zuwa yake tafiya, man Najeriya da ake shigowa da shi ta iyaka a sayar a kwalabe a bakin titi. Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, arahar nan ta tafi. A gidan mai kuma, litar da muka sani a sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024. Matatar mai ta Limbe ta ƙone tun 2019, ƙasa na shigo da tataccen mai ne daga waje, don haka ban ga dalilin da mutum zai gina lissafinsa a kan cewa mai zai yi sauƙi ba. Man kwalba kuma ba ka da tabbacinsa. Wani da ruwa, wani da datti, wani an sirka shi da kananzir. Saboda wannan ne nake cewa, in dai mai fetur za a saya don ƙauye, tsohuwar mai kafireto ta fi sabuwar da kwamfuta ke fesa mata mai. Sabuwar ta fi tsimin mai kuma ta fi saurin tashi, gaskiya ne, amma idan gurɓataccen mai ya kashe famfonta ko ya toshe mafeshinta, makaniken gindin bishiya ba shi da abin yi. Kafireto kuwa a wanke shi a mayar.

Mai batir wata duniya ce. Babu baƙin mai, babu filogi, babu bel, babu salansa. Mota ce mai abu uku: batura, da injin lantarki a jikin ƙarfen da ke juya tayoyin baya, da akwatin da ke raba wa injin wuta gwargwadon yadda ka taka. Tana da ƙarfin tashi tun daga tsaye, ba ta jiran inji ya ɗau zafi. Shirunta kuma ba ado ba ne a gona. Za ka ratsa garken shanu ba su firgita ba, ka shiga ɗakin kaji ba ka bar musu hayaƙi ba, ka fita bayan asuba ba ka tashi kowa ba. Ga makaranta ko asibiti mai faɗin fili, wannan kaɗai ya isa hujja. Ba sai an ajiye jarkokin fetur kusa da harawa da karan dawa ba, wanda duk mai gona ya san abin da tartsatsi ɗaya ke yi musu a watan Maris.

Sai dai kalmar "mai batir" tana ɓoye motoci biyu da ba su da haɗi sai a kama, kuma a nan ne kuɗin mutane ke nutsewa.

Ta farko ita ce mai batirin ruwa, na darma. Tsofaffi suna aiki da bolt 36, wato batura shida masu bolt 6. Na baya-bayan nan bolt 48 ne, galibi batura shida masu bolt 8. Kowane ɗaya ya kai kilo 28 zuwa 29, ka ga kusan kilo 170 ke nan motar ke ɗauke da shi kafin mutum ya hau. Ba batirin mota ba ne, irin wanda aka yi ne don a riƙa zuƙe shi a hankali ana mayarwa, kuma wanda ya maye gurbinsa da batirin mota don neman sauƙi zai canza shi cikin 'yan watanni. Idan sababbi ne suna kai mota kilomita 25 zuwa 40 a caji ɗaya. A ƙasashe masu sanyi sukan yi shekara 4 zuwa 6 idan an kula da su. Mu kuwa ba a ƙasa mai sanyi muke ba.

Ƙa'idar da duk mai aikin batir ya sani ita ce, ana auna rayuwar batirin darma ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar biyu. Garwa a Maris da Afrilu tana haura digiri 40 da rana, dare ma ba ya yin sanyin kirki. Na sha ganin wannan a baturan sola da muke sa wa mutane: abin da takarda ta ce shekara biyar, a nan shekara biyu da rabi ko uku ya fara kasawa. Zafi yana kuma shanye ruwan batir da sauri. Dole a riƙa buɗe murafu ana dubawa, a lokacin zafi duk mako ko biyu, a ƙara tataccen ruwan batir bayan an gama caji, kada farantan ciki su fito fili. Ruwan rijiya ba ya yi, gishirin da ke cikinsa kashe batir yake. Batura shida masu bolt 8, kowanne da rami huɗu, ramuka 24 ke nan da wani zai riƙa leƙawa. Na tambayi kaina wa zai yi wa Kawu wannan aikin shekara da shekaru ba fashi, ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Akwai abin da ya fi zafi illa. Batirin darma yana son a cika shi fal, awa 8 zuwa 10 a jere, kuma ba ya son a bar shi a zube. Idan aka riƙa yi masa rabin caji, wani farin gishiri yana taruwa a farantansa, ya daskare, ƙarfin batirin ya riƙa raguwa ba dawowa. To ina awa goman a jere? Wutar arewa gaba ɗaya ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, mai megawat 72, wadda aka gama a 1982. Shekarar da ruwa ya yi ƙasa a madatsar, kamar 2021, kowa ya ji a jikinsa. Tashoshin sola na Marwa da Gidar, masu megawat 30 a haɗe, da aka buɗe a 2023, sun rage wahala, amma ƙauyen da layi bai kai ba bai kai ba, inda ya kai ma ana ɗaukewa. A Chadi abin ya fi haka tsanani, don waɗanda ke da wutar layi ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Ka sa mota a caji da magariba, a ɗauke wuta ƙarfe goma, da safe ka fita da rabin caji. Ka maimaita haka wata shida, ka binne baturanka da hannunka. Kunna janareto awa goma don cajin motar da aka saya domin gudun fetur kuwa, wannan an gudu ne ba a tsira ba.

Ta biyu ita ce mai batirin litiyam, irin wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, wanda masu sola suka koma kansa yanzu. Akwati ɗaya ne mai bolt 48, yana ɗaukar wajen kilowat-awa 5, nauyinsa kilo 45 zuwa 50. An sauke wa mota fiye da buhun masara guda ke nan, kuma a yashi wannan bambanci ne babba. Ba a zuba masa ruwa. Yana cika cikin awa 3 zuwa 5. Rabin caji ba ya yi masa komai, an kawo wuta awa biyu ya sha, an ɗauke ya jira. Yana jure caji da zuƙewa sau dubu biyu zuwa uku ko fiye, inda na darma ke tsayawa a ɗaruruwa. Ƙarfinsa kuma ba ya raguwa da yamma yadda na darma ke sa mota ta riƙa jan ƙafa idan caji ya yi ƙasa. Shi ma ba ya son zafi, yawancinsu ba a so a caje su sama da digiri 45, kuma akwai na'urar tsaro a ciki da ke yanke wuta idan ya yi zafi da yawa. Don haka rumfa mai iska wajibi ce, ba a barin motar a fili cikin rana tana caji. Aibinsa biyu ne: kuɗinsa ya ninka na darma sau biyu ko fiye, kuma idan na'urar tsaron nan ta lalace, ba kowane mai gyaran wuta ne ke iya taɓa ta ba.

Na zauna da Kawu muka yi lissafi a bayan takardar siminti, kuma kowa zai iya sa nasa alƙaluman a ciki. Muka ɗauka motar za ta yi kilomita 15 a rana, kwana 300 a shekara. Mai fetur, a kilomita 12 kowace lita, za ta sha lita ɗaya da kwata a rana. A sefa 840, ya kama 1,050 a rana, 315,000 a shekara, ban da baƙin mai da matata da bel. Mai batir za ta ja wajen kilowat-awa 3 a rana daga soket. Kuɗin wutar gida yana tsakanin sefa 50 da 99 gwargwadon yawan abin da mita ta ƙirga, muka ɗauki mafi tsada: sefa 300 a rana, 90,000 a shekara. Rarar 225,000 ke nan duk shekara. Kawu ya yi murmushi. Na ce, "Kawu, tsugune ba ta ƙare ba." Saitin batirin darma mai kyau yana kaiwa dala 800 zuwa 1,500 a Amurka, wato wajen sefa 500,000 zuwa 900,000 kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Idan ya mutu a shekara uku, rarar shekara ukun, 675,000, ita ce za ka kwasa ka sayi sabo. Ba ka ci ribar komai ba, sai wahalar zuba ruwa. Rarar tana zama taka ne kawai idan batirin ya yi shekara bakwai ko takwas, kuma a zafinmu litiyam ne kaɗai ke da wannan fatan.

Inda mai batir ke yin fintinkau shi ne gonar da ke da sola. Rana dai muna da ita. Faifai huɗu masu wat 400 suna ba da wajen kilowat-awa 7 a yinin da gari ya yi garau, fiye da ninkin abin da motar ke buƙata, kuma ko hazon hunturu ya rage wutar, akwai saura, muddin ana goge ƙurar faifan. Tsarin aikinmu ma ya dace da wannan. Ana fita da sanyin safiya, daga hantsi ya yi zafi zuwa la'asar kowa yana inuwa, kuma a daidai lokacin ne rana ta fi ba da wuta. Motar ta sha caji a rumfa yayin da mai ita ke sallar azahar da hutawa, da la'asar ta fita a cike. Hanyar da na fi so ita ce a haɗa faifan da batirin motar kai tsaye ta na'urar daidaita caji ta MPPT mai bolt 48, wadda aka saita daidai da irin batirin. Ba sai an bi ta inbata da caja ba, wanda kowannensu yana cin nasa kason. Faifan da ke tuƙa famfon rijiya ba a jona su haka kawai, tsarinsu daban ne, a sa wanda ya san aikin ya duba. Faifai ɗaya da wasu ke ɗorawa a rufin motar yana taimakawa, yana iya ƙara kilomita 6 zuwa 8 a yini, amma ba ya maye gurbin caji.

Ƙasa ita ma tana da ta cewa. A busasshiyar hanya mai tauri, duk biyun lafiya lau. A yashi mai zurfi, irin na cikin mayo, wato rafi, da rani, mai batir tana jan wuta da yawa, caji ya zube da sauri, injin da akwatin rabon wuta su yi zafi. Mai fetur ta fi jure doguwar wahala irin wannan, ko da yake bel ɗinta ne ke biya. A laka kuwa, musamman baƙar ƙasar karal da ake dasa muskuwari, dawar rani, wadda ke zama kamar danƙo idan ta sha ruwa, babu wadda za ta fita, don tayoyin baya ne kawai ke turawa kuma cikin motar a ƙasa yake. Daga Yuli zuwa Satumba a fadama, a ajiye ta. Ratsa ruwa ma haka: ruwa ya taɓa bel ya riƙa sulɓi, ya shiga injin lantarki ya yi ɓarnar da ta fi haka tsada. Ana iya ɗaga motar a sa mata manyan tayoyi masu gurzau, kuma don gona ina ganin ya kamata, amma ɗagawar tana sa ta fi saurin kifewa a gangare, manyan tayoyi kuma suna rage nisan caji. Tayar filin golf laushi gare ta, ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa yi mata da wasa, a nemi mai kauri.

Idan kaya ne damuwar, akwai waɗanda aka ƙera da bodi a baya, kamar Carryall ta Club Car da UMAX ta Yamaha. Matsakaiciyarsu tana ɗaukar wajen kilo 350 a bodi, buhu uku ke nan na masara. Wanda burinsa kwasar albasa zuwa kasuwa ko auduga zuwa wurin awo, na gaya masa gaskiya, babur mai ƙafa uku mai bodi ya fi masa. Ya fi araha, ya fi ɗaukar kaya, yana hawa titi, kayan gyaransa suna kowane lungu. Motar golf ta fi shi ne a abu guda: tsoho ko mai ciwo zai zauna a kujera kamar ta falo, a inuwa, ya tuƙa da totur da birki kawai.

Yanzu maganar sayen ta hannu, don ita ce mafi yawan mutane za su fara tunani. Motar da ta taso daga Amurka cajarta ta bolt 120 ce sau da yawa, wutarmu kuwa 220 ce. Ka jona ta ka ƙone ta nan take. A duba rubutun jikin cajar, in ba ta karɓar 220 ba a sa kuɗin sabuwa a lissafi. Sannan a tuna tafiyar da motar ta yi: makonni a teku, zaman jira a tashar Duwala, jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngawundare, sannan a gangaro Garwa. Batirin darma yana zubar da caji da kansa ko ba a taɓa shi ba, cikin zafi ma ya fi sauri, kuma watannin nan a zube sun isa su gama da shi. Kada a yarda da "batirin sabo ne" a baki. A baturan Trojan, waɗanda suka fi yawa a motocin nan, ana buga harafi da lamba a kan sandar batirin: harafin wata ne, A Janairu, B Fabrairu, haka har L, lambar kuma ƙarshen shekara. A caje su, a bar su su huta, a auna: mai bolt 8 lafiyayye yana nuna kusan 8.5, mai bolt 6 kusan 6.4. Idan ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, saitin ya fara tafiya, kuma ba a sa sabo ɗaya cikin tsofaffi. Ni dai shawarata, duk motar batir ta hannu a yi cinikinta kamar ba ta da batir. Idan Club Car ce, ƙashinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, tsohuwarta da aka sa wa sabon litiyam tana iya zama ciniki mai kyau. Idan sabuwa ce ta China, a nemi sanin sunan kamfanin da ya yi akwatin rabon wutar da na batirin, a rubuce, a kuma tabbatar mai sayarwa zai iya kawo wani idan ya ƙone. In ya kasa amsa wannan, a bar masa kayansa.

Abu ɗaya da ke damuna da mai batir shi ne yara. Ba ta da ƙara, tuƙinta kuma ba wuya, yaro ɗan shekara takwas zai iya tayar da ita. Gidajenmu cike suke da yara masu rarrafe da masu guje-guje. Makulli ya zauna a aljihun babba, ƙarar da take yi idan za ta ja da baya kuma kada a cire ta don wai tana damun kunne.

Akwai wani Alhaji abokin Kawu da ya ji muna wannan magana ya ce shi ma yana so. Gonakinsa uku ne a warwatse wajen Lagdo, tsakaninsu hanyar shanu ce da yashi, a yini yakan yi kilomita 40 ko fiye, kuma babu wuta ko sola a ko ɗaya. Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, kai mai fetur ce taka, mai kafireto, a ɗaga ta, a sa mata tayoyi masu kauri, ka ajiye bel na biyu a ƙarƙashin kujera." In mai batir ce, batir ya mutu masa a can, sai dai a ɗaure igiya a nemo shanun huɗa.

Garkar Kawu kuwa a cikin shinge ɗaya take, daga ƙofa zuwa ƙarshen fadama bai kai kilomita biyu ba, ƙasar jigawa ce mai tauri in ban da gefen ruwa, kuma ni ne zan riƙa duba masa wayoyi. Na ce masa ya sayi mai litiyam, ya bar ta darma ko da an ba shi a rabin kuɗi. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya tambayi abu ɗaya: "Idan rana ba ta fito ba kwana biyu fa, kamar a Agusta?" Na ce batirin kilowat-awa 5 zai ɗauke shi kusan kwana biyu a irin zagayensa, gajimare ma ba ya hana faifai kawo wani abu, kuma a Agusta rabin garkar ba ta shiguwa ko da wace mota ce. Ya ce to a fara da rumfar. Mun kafa ta a gindin babban mangwaron da ke kusa da rijiya, buɗe ta gabas da yamma don iska ta ratsa, faifan huɗu kuma a can gefe inda inuwar reshe ba ta kaiwa.